Edwin Armstrong: Yaron Da Ya Fara Da Tarkacen Waya Ya Ƙare Da Ƙirƙiro FM

Duk wanda ya taɓa riƙe rediyon oba-oba, irin ƙananan nan na China kamar Baofeng UV-5R da ake samu a kan dala 30 ko ƙasa da haka, ya san yadda murya ke fita tangaram. Hanyar da muryar ke bi ita ce FM, wadda dai muke kama tashoshi da ita kullum. Yau tarihin wanda ya ƙirƙiro ta za mu duba.

An haifi Edwin Howard Armstrong a birnin New York na Amurka ranar 18 ga Disamba, 1890. Yana ɗan shekara takwas ya kamu da wata cutar jijiya da ta hana shi zuwa makaranta har shekara biyu, ta kuma bar shi da fizgar wuya da kafaɗa iya rayuwarsa. Bayan iyayensa sun koma garin Yonkers, sai ya mayar da wani ɗan ɗaki a saman benensu wurin gwaji. A wancan zamani babu shagon da za ka je ka sayi rediyo. Masu harkar rediyo don sha'awa su ke naɗa wayarsu da hannu, su harhaɗa tarkace, su yi ta kasa kunne ko za su ji wani daga nesa. Armstrong har dogon turken eriya ya kafa a bayan gida, kusan mita 38, kuma shi ke hawa ya gyara da kansa.

Matsalar kowa a lokacin ita ce sigina ba ƙarfi. Akwai wani ƙwan gilashi mai suna audion da Lee de Forest ya ƙera a 1906, amma ƙarfin da yake ƙarawa kaɗan ne. A 1912, yana ɗalibi a Jami'ar Columbia, Armstrong ya gano dabara: a ɗebi wani kaso na siginar da ta fito daga ƙwan a mayar da ita ciki, ta yi ta zagayawa tana ƙara ƙarfi. Ka ga ke nan da ƙwai guda ɗaya, yaro mai ƙaramin aljihu zai kama tashar da a da sai kamfani mai manyan na'urori.

To a nan ne fa aka samu tangarɗa. Ya nemi dala 150 wurin mahaifinsa don ya yi rajistar mallakar ƙirƙirar, uban ya ce sai ya gama karatu tukuna. Abin da ya iya yi kawai shi ne kai zanen wurin jami'in shaida takardu a Janairun 1913. Sai ƙarshen shekarar ya shigar da takardun rajista, aka ba shi a 1914. De Forest ya ce ai shi ya riga shi, ya kawo littafin gwaje-gwajensa na 1912 a matsayin hujja. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, har Kotun Ƙolin Amurka ta ba De Forest gaskiya a 1934. Injiniyoyi dai ba su gamsu ba. Da Armstrong ya je mayar da lambar girmar da ƙungiyarsu ta ba shi kan wannan aiki, ƙin karɓa suka yi.

Shari'ar ba ta hana shi aiki ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana soja a Faransa, ya fito da tsarin superheterodyne a 1918, wanda aka shafe shekaru ana gina yawancin akwatunan rediyo a kansa. Ya yi kuɗi sosai da sayar da ƙirƙire-ƙirƙirensa, amma bai rabu da 'yan uwansa masu rediyon sha'awa ba. Dokar Amurka ta 1912 ta tura su zangon mita 200 zuwa ƙasa, wanda ake ganin ba shi da wani amfani. A Disambar 1921, shi da abokansa suka haɗa tasha mai lamba 1BCG a jihar Connecticut, suka aika saƙo ya tsallaka Tekun Atlantika, aka kama shi a Ardrossan ta ƙasar Sikotland.

Saura matsala ɗaya: kwaramniyar nan da ke cika rediyon AM, musamman in hadari ya taso. AM tana ɗora murya ne a kan ƙarfin sigina, walƙiya kuwa ƙarfin take dagulawa. Armstrong ya bar ƙarfin yadda yake, ya sa murya ta riƙa sauya saurin kaɗawar siginar, sai kwaramniya ta rasa inda za ta shiga. Ya samu rajistar FM a 1933. Da zai nuna wa injiniyoyi a 1935, daga tashar wani abokinsa mai rediyon sha'awa a Yonkers aka aiko da gwajin. Aka zuba ruwa a kofi, aka yamutsa takarda, mutane a New York suka ji kamar a gabansu ake yi.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya bar wa sojojin Amurka su yi amfani da ƙirƙirarsa kyauta. Rediyon oba-oba na goyo, SCR-300, da FM yake aiki, nauyinsa kusan kilo 15, yana kai kimanin kilomita biyar. Shi ne kakan ɗan wanda ke shiga aljihu yanzu.

Ƙarshen labarin dai ba daɗi. A 1945 hukumar sadarwar Amurka ta ɗauke FM daga zangonta na farko, akwatunan da aka riga aka sayar suka zama ba amfani. A 1948 ya kai kamfanin RCA ƙara kan amfani da FM ba tare da biyan sa ba. Shari'ar ta cinye dukiyarsa da lafiyarsa, ta taɓa zamansa da matarsa Marion. A daren wayewar 1 ga Fabrairu, 1954, ya kashe kansa yana da shekara 63. Marion ta ɗora daga inda ya tsaya. RCA ta biya kimanin dala miliyan ɗaya, sauran kamfanonin ma aka yi ta samun galaba a kansu ko sulhu, har shari'ar ƙarshe a 1967.

Don haka in kana da sha'awar wannan harka, kada ka jira sai ka mallaki na'ura mai tsada. Fara da mai arahar, ka koyi haɗa eriya, ka nemi lasisi kafin ka fara aika saƙo, domin ba kowane zango ne aka yarda kowa ya hau ba. Duk abin da ka gano kuma, rubuta shi da kwanan wata, ka yi masa rajista da wuri. Kada kuma ka bari rigima ta keɓe ka daga mutanenka. In abu ya yi maka nauyi, faɗa wa wani. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.