Hilde Bruch: Likitar da ta kasa kunne ga masu ƙin cin abinci

A shekarar 1934 wata likita Bayahudiya ta sauka a birnin New York na Amurka, bayan ta tsere wa mulkin 'yan Nazi na Jamus, ta yada zango a Landan. Sunanta Hilde Bruch. An haife ta a garin Dülken ranar 11 ga Maris, 1904, ta kuma kammala karatun likita a Jami'ar Freiburg a 1929.

Da yara masu ƙiba ta fara. A wancan zamani akan ɗora laifin ƙibarsu a kan sinadaran jiki, ita kuwa sai ta zauna da yaran da iyayensu tana tambayar yadda ake rayuwa a gida. Wannan ya ja ta zuwa nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa, daga nan kuma zuwa anoreksiya, cutar da ke sa mutum ya hana kansa abinci har ya rame ya ƙanjame, wani lokaci har rai ya yi halinsa.

Likitoci da dama sun saba yi wa irin waɗannan marasa lafiya fassarar abin da ke zuciyarsu. Bruch ta ga hakan ƙarin ciwo ne ga wanda dama ya tashi ana yanke masa komai. Ta gwammace ta saurara. Daga bakinsu ta fahimci abubuwa uku da ta bayyana a 1962: suna kallon jikinsu da ƙiba alhali ƙashi ne da fata, ba sa iya tantance yunwa da ƙoshi, kuma suna jin ba su da iko da komai a rayuwarsu. Ƙin cin abincin, a ganinta, fafutukar mallakar kai ce da ta ɓace hanya.

A 1964 ta koma Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston. Littafinta na 1978, The Golden Cage, wato kejin zinariya, ya fito da cutar daga ɗakin likita zuwa idon jama'a.

Sai dai kunnenta ya tsaya ne ga waɗanda suka iya isa ofishinta, galibi 'yan matan gidajen masu hali. Haka cutar ta zauna a zukatan mutane a matsayin ta 'ya'yan Turawa masu kuɗi, aka daɗe ba a neman ta a jikin maza, talakawa da baƙar fata, alhali tana kama su. Nauyin da ta ɗora wa iyaye ma masana sun sassauta shi daga baya, har aka mayar da iyali abokan jinya.

Ta rasu a Houston ranar 15 ga Disamba, 1984. Bayan shekara huɗu aka wallafa littafinta na ƙarshe, wanda aka gina a kan hirarrakinta da marasa lafiyar.