Malam Umaru Altine, Magajin Garin Inugu Na Farko

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kudu, da yawa daga cikinmu ba su san cewa mutumin da ya fara riƙe muƙamin Magajin Garin Inugu ɗan Arewa ne ba. Sunansa Malam Umaru Altine, Bafillace daga Lardin Sakkwato.

Inugu gari ne da kwal ya kafa. An gano kwal a wurin a 1909, a 1916 kuma hanyar jirgin ƙasa ta haɗa shi da Fatakwal. Daga nan mutane suka yi ta kwararowa neman abinci, har garin ya zama hedkwatar Jihar Gabas. Cikin masu zuwa har da Malam Umaru, wanda sana'arsa fataucin shanu ce.

Amma shi bai tsaya a kara kaɗai ba. Ya auri 'yar ƙabilar Ibo, ya saje da mutanen gari, ya kuma shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. A lokacin siyasar Inugu ta yi zafi ƙwarai, musamman bayan da 'yan sanda suka harbe ma'aikatan kwal 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Malam Umaru ya yi ta hidimar jam'iyya har samarin NCNC na Inugu suka ɗora shi shugabansu. Wannan ne ya buɗe masa ƙofar shiga majalisar gari.

A 1956 aka ɗaga darajar Inugu, aka ba ta ikon yin Magajin Gari. Mutanen garin galibinsu Ibo ne kuma Kirista, shi kuwa Musulmi ne daga nesa. Duk da haka shi aka zaɓa, ya riƙe kujerar har 1958. A hannun majalisarsa al'amuran kasuwa da tsabtar gari da hanyoyi suke.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. To, Malam Umaru bai yarda ya zauna zaman raɓa ba. Ya ɗauki damuwar garin tamkar tasa, mutanen garin su ma suka ba shi amana. Mu da ke zaune a Sabo da Zango, in ana taron unguwa ko rajistar zaɓe, kada mu ce ba ruwanmu. Allah Ya jiƙan Malam Umaru, amin.