Nana Asma'u 'Yar Shehu: Addu'a da Aiki a Zamanin Yaƙi

Albarkacin zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu ware wannan fili ga tarihin wata baiwar Allah da ta riga mu gidan gaskiya fiye da shekara 150, wato Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sunanta ba baƙo ba ne a wurinmu, ga shi nan a allon makarantun Islamiyya, ga shi a kan 'ya'yanmu da jikokinmu. Amma yawancinmu malantarta kawai muka sani. Ba mu cika jin irin wuyar da ta sha ba, da yadda ta riƙe Ubangijinta a cikinta.

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Usaina za a sa mata, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙanƙanuwa, sai sauran matan gidan suka rene ta. Kun ga ke nan da maraici ta buɗe ido. Gidan kuwa gidan karatu ne, maza da mata kowa da allonsa, domin Shehu ya sha sukar malaman da ke koyar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A nan ta yi karatun Alƙur'ani, ta shiga littattafai, har ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Tana tasowa ƙasa na ɗaukar zafi. Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka a kan jama'ar Shehu, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yafa mayafi. Da ɗansa Yunfa ya hau, abin ya ƙara muni, har aka kai hari Gimbana, garin Malam Abdussalami, aka kama mutane bayi. A watan Fabrairu na 1804 jama'a suka bar Ɗegel suka yi hijira zuwa Gudu. Asma'u ba ta fi shekara goma sha ɗaya ba a lokacin. Aka ɗora littattafai a kan raƙuma, aka bar gidaje da gonaki da rijiyoyi.

Daga nan sai yaƙi. An yi nasara a Tafkin Kwatto a tsakiyar 1804, amma kafin shekarar ta ƙare aka sha kashi a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Jama'a suka gangara Zamfara neman abinci, daga can suka nufi Gwandu a 1805. A wannan shekarar aka sake shan kashi a Alwasa, abokan gaba suka zo har bakin Gwandu, garin da ko ganuwa ba shi da ita, ga mata da yara a ciki. Ga yunwa, ga annoba. Duk uwar da ta taɓa kwana da yara a ƙirji tana sauraren ƙarar bindiga daga nesa ta san irin wannan dare. A haka yarinyar ta zama budurwa, kuma karatu bai tsaya ba, salla ba ta tsaya ba. Wajen 1807 aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Guguwar nan ba ta tsallake ƙasarmu ta Zazzau ba, domin a ƙarshen wannan shekarar ne Malam Musa ya shiga Zariya da tutar Shehu, Sarki Makau ya fice ya yi kudu wajen Zuba. Wato kakannin kakanninmu ma sun ga nasu rabon na gudu da tashin hankalin wancan zamani.

Mutum zai zaci daga nan an huta. Ina! Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, kuma ba a daɗe ba abokin tagwaicinta Hassan ya bi shi. Ana cikin wannan makoki sai rikici ya ɓarke a cikin gida. Abdussalami, mutumin nan da aka yi hijira saboda abin da ya sami jama'arsa, ya saɓa da Bello, aka yi yaƙi a Kware, ya rasa ransa a farkon 1818. Jiya sahu ɗaya ake salla, yau ana harbin juna da kibau. Wannan shi ne mafi ɗacin rikicin mulki, kuma Asma'u ta gan shi tana da shekara ashirin da 'yan kai.

To, me ta yi da wannan baƙin ciki? Ta ɗauki alƙalami. Rubutunta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, ta yi shi a 1820, a kan abubuwan da ke nisanta bawa daga rahamar Allah da waɗanda ke kusantar da shi. Wajen 1822, lokacin da Gobirawa da Azbinawa suka haɗa kai suna barazana ga Sakkwato, Bello ya tsara wata waƙa da ya gina a kan haruffan ayar nan ta suratu Alam Nashraha, wadda ke yi wa mai tsanani albishir da sauƙi. Asma'u ta mayar masa da amsa da Fulatanci a kan wannan tsari, kowane baiti na farawa da harafi ɗaya na ayar, tana kai kukanta ga Allah. Ku duba fa, maza na ɗaura sirdi, gari ya cika da tsoro, ita kuwa ta zauna tana bin aya harafi bayan harafi. Wadda ta iya wannan a ranar firgici, to ta daɗe tana yi a ranakun lafiya. Ita 'yar ɗarikar Ƙadiriyya ce kamar mahaifinta, zikiri da wuridi abincinta ne na kullum, shi ya sa da tsanani ya zo bai same ta hannu wofi ba.

Gaskiya dai, Asma'u ba 'yar kallo ba ce a yaƙe-yaƙen nan. Tana da ɓangarenta, ta roƙa wa rundunar Sakkwato nasara, ta kuma yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Bello ya ci Gobirawa da mataimakansu. Amma ba ta rufe ido ga laifin nata ba. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai a kan zalunci da cin hanci da ƙwace haƙƙin talaka. Masu mulkin lokacin kuwa 'yan'uwanta ne da 'ya'yan 'yan'uwanta. Ta sa gargaɗin a harshen da mai daka da mai tallar fura za su ji su haddace, har su rera shi a ƙofar gidan hakimi.

Yaƙi ya bar baya da ƙura. Ƙauyuka sun cika da zawarawa da marayu, gidaje sun cika da matan da aka kamo daga garuruwan da aka ci, an raba su da iyaye da mazaje, da yawansu ba su da wurin kai kuka sai wajen bori. A kan waɗannan mata ne Asma'u ta yi aikin da ya fi kowane daɗewa. Ta kafa tsarin da ake kira 'Yan Taru. A kowane yanki ana samun dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji, a ba ta malfa da jan ƙyalle a naɗe a kai, irin alamar da mata suka saba gani a kan Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Jaji takan tattaro tsofaffi da 'yan mata waɗanda hidimar aure ba ta riƙe su ba, su taka da ƙafa zuwa wurin Nana, su koyi karatu, su koma su koyar da matan da ke cikin gida.

Karatun a waƙe yake, don mai niƙa da mai kaɗi su iya riƙe shi ba tare da takarda ba. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114. Akwai ta alwala da salla da tsoron Lahira, akwai ta begen Annabi (SAW). A 1837 ta fitar da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, ta kuma haɗa da malamai mata na ƙasarta, don mace ta san cewa kusanci da Allah ba gadon maza kaɗai ba ne. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, a kan surori da addu'o'in da ake karantawa saboda ciwo da haihuwa da tsoro da talauci. Da fari ya matsa a shekarun tsufanta, ta yi waƙar roƙon ruwa da Hausa.

Su kuma 'Yan Taru ba sa zuwa hannu biyu. Sukan kawo abin da Allah ya hore, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, Nana ta raba wa mabuƙata da marasa lafiya. In sun koma gida, su ne masu wankan gawar mata, masu zama da mai naƙuda, masu duba marayu, masu sulhunta kishiyoyi. Iyayenmu, in kun lura, ashe abin da muke yi da adashe da asusun taimako da zuwa gaisuwa yana da tsohon tushe.

Ita kanta mutuwa ba ta daina yi mata yankan ƙauna ba. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya rasu a 1829. Bello, wanda ya kasance mata yaya kuma malami kuma abokin shawara, ya rasu a Wurno a 1837. Ta binne 'yan'uwa mata da maza, ta binne mijinta Giɗaɗo bayan zaman aure na fiye da shekara arba'in, ta binne aminiyarta A'ishatu. Kusan kowannensu ta yi masa waƙar makoki, kuma ba ta ɓoye hawayenta a ciki ba. Tana faɗin zafin rabuwa a fili, sannan ta miƙa lamari ga Mai shi. Wannan ya isa amsa ga masu ce wa mai takaba wai kuka rashin tawakkali ne. Abin da shari'a ta hana daban, hawaye daban.

Wani abin sha'awa, ba manya kaɗai ta yi wa makoki ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mai haƙuri da sada zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. Ta yi wa jajinta Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana kai da kawo da ɗalibai. Ko a makokin Bello, halinsa da adalcinsa da tsoron Allahnsa ta fi yabo a kan yaƙe-yaƙen da ya ci. A ma'auninta, ungozoma da sarki da abu ɗaya ake auna su.

Allah ya karɓi ranta a 1864, tana da shekara saba'in da ɗoriya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, kuma tsarin bai mutu ba har yau, ya ma kai Amurka. Rubuce-rubucenta kusan 60 sun tsira, da yawa a gidan jikan jikokin gidanta, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997.

Mu ma zamaninmu bai bar mu haka ba. Ba mu manta rikicin bayan zaɓen 2011 a jihar nan ba, kuma yau ga masu garkuwa da mutane sun sa manomi na tsoron gonarsa. A cikinmu akwai wadda aka kashe wa miji, akwai wadda ta sayar da shanu da gonar rake ta biya kuɗin fansa, akwai wadda ba ta barci in kakar zaɓe ta zo don tsoron kada a ba ɗanta ƙwaya da gora a tura shi bangar siyasa. Nana ba ta da ikon tsayar da yaƙi ko ɗaya, mu ma ba mu da shi. Abin da ke hannunta shi ta riƙe: sallarta a kan lokaci, gaskiya ko a kan nata, da ƙofa a buɗe ga macen da rikici ya kayar, ba tare da tambayar daga wane ɓangare ta fito ba.

Saboda haka muna roƙon kowace mamba, Musulma da Kirista, in ta ɗaga hannu ta sa 'yar'uwarta a ciki, in ta sauke kuma ta leƙa gidanta. Wadda kuɗin tumatir ko na mazarƙwaila ya shigo mata, ta tuna da asusun marayu. Wadda bashi ya yi wa nauyi saboda musiba, ta zo ta faɗa wa shugabanni, kada kunya ta sa ta daina zuwa taro. Wadda ta iya karatu ta ɗauki ko mutum biyu a unguwarsu ta koya musu.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da malamanta. Allah ya jiƙan mambobinmu da suka riga mu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maimaita mana wannan rana cikin alheri. Amin.