Malam Umaru Falke: Ɗan kasuwar Kano da littattafansa 3,323 ke ajiye a Amurka

A garin Evanston da ke kusa da Chicago a Amurka, ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern na riƙe da littattafai da takardu 3,323 waɗanda duk mutum guda ne ya tara su. Sunansa Malam Umaru Falke, Bakano, wanda aka haifa a 1893 ya kuma rasu a 1962.

Sunan ma ya faɗi sana'arsa. Falke ne, ɗaya daga cikin fataken da ke safara tsakanin Kano da Legas da sauran kasuwannin Afirka ta Yamma. Sai dai kasuwa ba ta raba shi da karatu ba. Malami ne marubuci, ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, daga zauren Malam Muhammadu Salga, kuma yana cikin malaman Kano na farko da suka yi mubaya'a ga Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha.

Zamanin nasa na muhawara ne mai zafi. Salgawa sun ja da malaman Madabo kan al'adun jana'iza da sadakar mamaci. Daga baya rigimar ƙablu da sadlu ta taso, wato kama hannu a salla ko sakinsa, har ta raba sahu a masallatai. Malamai kan yi wa juna raddi a rubuce, da waƙa ko da zube, ɗalibai su kwafa da hannu, wasu a kai maɗaba'a a buga a sayar a kasuwa da araha. Irin waɗannan takardu ba sa daɗewa: gara ta ci, damina ta jiƙa, magada su raba.

A nan Malam Umaru ya yi zarra, domin shi mai ajiya ne. Mafi yawan abin da ya bari rubutun hannu ne, ragowar kuma bugun kasuwa da na maɗaba'a. Akwai fiƙihu da tasawwufi da waƙoƙin yabon Annabi, akwai rubuce-rubucen shugabannin jihadin Sakkwato, akwai na malaman Kano tsararrakinsa da nasa na kansa, galibi da Larabci, wasu da ajamin Hausa. Har laƙani da asirai na neman tsari suna ciki, abin da ba kowane malami ke bari a gani ba.

Darajar tarin ita ce bai watse ba. Mai son sanin abin da malamin Kano ke karantawa a shekarun ƙablu da sadlu zai same shi wuri guda, shi ya sa tun 1978 aka rubuta kundin digirin digirgir a kansa a jami'ar.

Adanawa kam an adana, an kuma jera sunayen littattafan a intanet. Amma ɗalibin Kano ko Damagaram da ke son taɓa takardun da hannunsa sai ya nemi bizar Amurka da kuɗin jirgi.