Abdulkarim Barth: Bajamushen da ya kusa halaka a Dutsen Aljanu kafin ya iso Kano

An haifi Heinrich Barth a Hamburg ta Jamus a 1821, amma a tafiye-tafiyensa Abdulkarim yake kiran kansa. A watan Yulin 1850 ya hau Dutsen Idinen, kusa da Ghat a Libiya ta yau, shi kaɗai, duk da Buzaye sun gargaɗe shi cewa gidan aljanu ne. Taurin kai ne zalla. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ya tsotsi jininsa saboda ƙishirwa, kafin wani Buzu ya tsinto shi rai a hannun Allah.

A Fabrairun 1851 ya shigo Kano, inda ya zana birnin da hannu daga kan Dala. Ya mutu a Berlin a 1865.