Carolus Clusius, Malamin da Ya Yaɗa Furen Tulif a Holan

An haifi Carolus Clusius a shekarar 1526 a garin Arras, wanda a yau yake cikin ƙasar Faransa. Ya fara da karatun shari'a, daga baya ya koma fannin likitanci a Montpellier, inda sha'awar tsirrai ta kama shi. Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne mutumin gwanin fassara ne. A 1567 ya mayar da littafin Garcia de Orta a kan magungunan Indiya daga Fotugis zuwa Latin, wanda shi ne harshen ilmi a Turai a wancan zamani.

A 1573 Sarki Maximilian na Biyu ya kira shi Biyana don ya kula da lambunsa. A can ya duƙufa wajen tara tulif, furen da ya shigo Turai daga Daular Usmaniyya. Sunan ma daga kalmar Turkanci mai nufin rawani ya samo asali. A 1593, yana da shekara 67, ya koma Jami'ar Leiden, ya shuka 'ya'yan furen masu kama da albasa, suka yi fure a 1594. Ɓarayi sun sha shiga lambunsa suna tone su.

Clusius ya lura cewa wani tulif yakan rikiɗe ya fito da zane-zane masu launi biyu, amma sai shukar ta yi rauni. Sai wajen 1928 aka gano cewa cuta ce, wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa. Irin waɗannan furanni marasa lafiya ne attajiran Holan suka yi ta rububin saye, har kasuwar ta rushe a 1637.

Ya rasu a 1609, bai riski tulif mai gashin aku ba, wanda ya bayyana daga baya a cikin wancan ƙarnin. Mu a Michika tulif ba ya yi, domin yana bukatar sanyi mai tsanani kafin ya tsiro, don haka a hoto kawai na san shi. Bakin furen a yayyage yake, a murɗe, ja da rawaya da kore sun cakuɗe. A ganina kyansa ya fi fitowa idan mai hoto ya matso kusa sosai, haske kuma ya bugo furen ta baya.