Matthew Maury, jami'in da ya zana hanyoyin teku daga rubutun matuƙa

A shekarar 1842 aka naɗa Matthew Fontaine Maury shugaban ma'ajiyar taswirori da kayan awo ta rundunar sojan ruwan Amurka a Washinton. Ba da son ransa ya koma bakin tebur ba. An haife shi a jihar Bajiniya a 1806, ya shiga aikin soja yana da shekara 19, amma a 1839 keken doki ya kife da shi, ƙafarsa ta samu raunin da ya raba shi da fita teku.

A ma'ajiyar ya tarar da tarin tsofaffin littattafan da matuƙa ke rubuta abin da suka gani kullum: inda iska ta fito, ƙarfinta, da inda ruwa ke jan jirgi. Ba wanda ke waiwayarsu. Shaidar matuƙi ɗaya ba ta wuce labarin tafiyarsa ba, amma Maury ya gane cewa idan aka tattara dubbansu, aka raba teku gida-gida, aka jera kowane bayani bisa wurinsa da watansa, hanya za ta bayyana. A 1847 ya fitar da taswirar iska da igiyar ruwa ta arewacin Atlantika. Shekara guda bayan haka, wani jirgi ya bi shawararsa daga Baltimo zuwa Riyo, ya isa cikin kwana 38 maimakon 55 da aka saba.

Dabararsa mafi girma ita ce yadda ya samu sababbin bayanai. Yana ba matuƙa taswira kyauta, da sharaɗin su cika masa takarda mai tsari iri ɗaya su dawo da ita. Kowane jirgi ya zama ma'aikacinsa ba tare da albashi ba. A 1853 ya jawo ƙasashe zuwa taron Brasels, inda aka amince da tsari guda na rubuta yanayin teku.

Sai dai tarihinsa bai fita fes ba. Maury ya goyi bayan bautar da baƙar fata, kuma da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 ya ajiye aiki ya bi 'yan Kudu, ya yi musu aikin nakiyoyin ƙarƙashin ruwa. Ya rasu a Leksinton a 1873. A 2020 aka sauke mutum-mutuminsa da ke birnin Richmond.